Dashen da mijina ya bari a bokitin fenti

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Jama'ar wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara.

Ni mace ce a Samaru, mijina ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Sana'arsa renon dashen itatuwa. Yana saurayi ya taɓa raka wasu malaman jami'a dajin Gashaka, can Taraba, yana ɗaukar musu kaya, kuma har ya koma ga Allah bai daina labarin wurin ba, duwatsu, birai, rafin da ake hango yashin ƙasansa. Kullum sai ya ce, Maman Sani, wata rana zan kai ki. Ni kuwa in ce ya fara kai ni Kano tukuna.

Shekara uku da suka wuce abokinsa na Serti, garin da ke bakin dajin, ya aiko masa da 'ya'yan wani ice, guda ɗaya ne ya tsiro. Ya rene shi a bokitin fenti, ya ce ƙasar Zariya ba za ta riƙe shi ba, tare za mu mayar da shi gida. Har hanya ya rubuta a bayan kalanda, Zariya zuwa Jalingo, Jalingo zuwa Serti, daga nan acaɓa. Kalandar tana nan a bango.

Yanzu saiwa ta fasa bokitin, ganye ya fara rawaya. Na kira abokin nasa, ya ce da damina koguna kan cika, hanyar cikin daji ba ta biyuwa, in bari sai rani. To marigayi ya koya mini ba a dashe da rani, kuma ban ga alamar icen zai kai wata daminar ba.

Na je unguwar PZ shagon ɗana Sani na faɗa masa. Ya ce hanya ba lafiya, shi ba zai rufe shago ba, kuma ba zai bar ni in tafi ba muharrami. Ya ce in dasa a tsakar gida, ko a ba direba a tasha ya kai, ai ice ne kawai. Na hau keke na dawo. Ba ƙarya ya yi ba, amma na kasa tunanin a cusa icen a but ɗin mota tare da buhunan masara.

Akwai abin da ban faɗa wa Sani ba. Tun da na gama takaba mutane suka ɗauke ƙafa, icen nan ne nake yi wa magana da safe in ina ba shi ruwa.

Shin in tafi yanzu duk da ɗana ya hana, ko in ba direba, ko in riƙe shi ina kallo yana bushewa? Kuma ku da kuka taɓa rashi ku faɗa mini gaskiya, in na kai shi na dawo, wa zan ba ruwa da safe?