Zuwa ga Malam Lawan, Daga Wanda Ya Je Grenoble a Gurbinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam Lawan.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Isyaku, wanda kuka raba tebur ɗaya da shi shekara goma sha ɗaya a ɗakin malamai, mu biyun da ke koyar da Faransanci a makarantarmu ta Kazaure. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma mako uku ke nan da dawowata, kowa yana tambayata labarin tafiya, ina ba su na sanyi da na abinci, ainihin labarin kuwa naka ne.

Na je Grenoble, Lawan. Na je a gurbinka.

Ka tuna ranar da sanarwar horon malamai ta zo, mako huɗu a Faransa, gurbi ɗaya tal. Ka juyo ka ce, "Isyaku, kai ma za ka nema?" Na ce, "Ni da sanyi? Je ka kawo mana labari." Ƙarya na yi maka. A lokacin na riga na cike takardata na tura. Da sakamako ya fito kai aka ɗauka, ni aka ajiye a bayanka ko da wani abu zai faru. Na riƙe hannunka na yi maka murna, ban faɗa maka na nema ba.

Kai ka cancanta, kowa ya sani. Ni a littafi na koyi harshen, kai kuwa a bakin kawunnanka na tsallaken iyaka, can gaba da Babura, inda ka yi ƙuruciya. Da ka fara aiki ka ce wa yara a can Mushe ake kiran malami, ajin ya kwashe da dariya, sunan ya bi ka. Tun da ka rasu ban sake jin wani yaro ya furta shi ba.

Ka fara ramewa da damina. Na tambaye ka, ka ce gyambon ciki ne, ka daina cin yaji. Na yarda saboda yardar ta fi mini sauƙi. Saura wata biyu tafiya aka kai ka asibiti Kano, ranar Talata, ba ka kwana uku ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Muna ɗauke da makararka a Roni, muna bi ta gindin duwatsun nan zuwa maƙabarta, kafaɗata tana ƙarƙashin nauyinka, sai wani tunani ya gifta mini: yanzu ni zan tafi. Na yi a'uziyya, na yi ta yi. Amma ya riga ya gifta.

Da na je sallama, mai ɗakinka Hajara ta miƙo mini wata rigar sanyi mai kauri daga bayan labule. Ta ce, "Ya saya a Kano saboda tafiyar. Ka tafi da ita." Na sa, ta zauna mini. Na ce a raina gwanjo ne, abin da ka samu ka ɗauka.

A tashar jirgin ƙasa ta Grenoble wata dattijuwa ce ke jirana, Madam Odil, wadda aka shirya za ka sauka a gidanta. Sunanka ne a jikin kwalin da ta ɗaga. Na tsaya a gabanta na rasa ta inda zan fara. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa ta ce, "Kai ne Isyaku." Na ɗauka ofis ne ya sanar da ita.

Garin yana nan yadda kake kwatanta mana, har ya fi. Duk titin da ka miƙa, dutse ne a ƙarshensa, kamar dai Kazaure idan ka doso daga hanyar Kano, sai dai nasu sun ninka namu, kuma kawunansu fari fat. A tsohon gari lunguna ne matsattsu, daɓen dutse ya sha tafin ƙafa har ya yi sulɓi, gidaje sun jingina da juna, wasu an ce sun haura shekaru ɗaruruwa. Kogi ya ratsa ta gefe, ruwansa launin toka. A samansa akwai wasu ƙwallayen gilashi da ke rataye a jikin waya, suna ɗaukar mutane zuwa wata tsohuwar ganuwar soja a kan dutse. Kullum sai na wuce ta ƙarƙashinsu. Ban hau ba. Ka san ni, ko saman ɗaki ba na hawa.

An yi canjin cikin gaggawa, don haka takardunsu ba su san ka mutu ba. Sunanka ne a ƙofar ɗakina. Sunanka ne a katin da zan rataya a wuya. Kwana uku na farko malamar da ke horar da mu tana kiran suna ta ce Lawan, ajin ya yi tsit, sannan in ɗaga hannu in gyara. A rana ta huɗu na gaji, na amsa.

Sau biyu na gan ka a garin. Na farko a jirgin da ke bin tsakiyar titi, wani dogon mutum ya ba ni baya, ya ɗan karkata kai hagu yadda kake yi idan kana sauraro. Na biyu a wani ƙaramin masallaci ranar Juma'a, a sahun gabana. Da aka sallame ya juyo, ɗan Senegal ne. Na gaishe shi, ya yi mamakin yadda na riƙe hannunsa na daɗe.

Asabar ta uku aka kai mu Chamrousse, inda suke wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, abin da suke kira ski. Motar ta yi ta nannaɗe dutse tana hawa, kunnuwana suka toshe. Da muka sauka babu abin da ido zai kama sai fari. Itatuwa sun sunkuya da nauyin ƙanƙara. Akwai mutane da yawa, har da 'yan yaran da ba su wuce yaye da daɗewa ba suna sulalowa kamar ba komai, amma wurin yana haɗiye sauti. Mutum yana dariya kusa da kai, ka ji kamar daga nesa.

Aka shigar da mu shagon da ake ba da aron takalma da sanduna. Mai shagon yana karanta sunaye daga na'urarsa yana miƙo wa kowa nasa, domin tun watanni baya kowa ya cike takardar awonsa. Ya ce, "Lawan, arba'in da ɗaya."

Na ce masa akwai kuskure. Kai arba'in da biyar kake sawa, har muna tsokanarka cewa takalminka kwalekwale ne. Ya juyo mini da fuskar na'urar ya ce, "Ga abin da aka rubuta." Na duba. Lambar takalmi tawa ce. Tsayin nawa ne, ni da ko kafaɗarka ban wuce ba. Nauyin ma nawa ne, kusan daidai. Kwanan watan kuwa na cikin damina ne, lokacin da kake ce mini gyambon ciki.

Na zauna a benci na zura ƙafa. Ya shiga kamar an auna ni. Sai na dubi hannun rigar da ke jikina, inda ya tsaya daidai wuyan hannuna. Da kai ne ka sa ta, da ko rabin damtsenka na ƙasa ba ta rufe ba. Mai shagon ya durƙusa yana ɗaure mini maɗaurin yana tambaya ko ya matse.

Na fita tare da sauran. Mai koyarwar ya nuna mana yadda ake haɗa bakin katakan zamiyar da aka ɗaura mana a ƙafa don tsayawa. Na faɗi sau huɗu, ban ji zafi ba. Can hazo ya sauko daga saman dutsen, mutanen da ke gabana suka zama inuwa, daga baya inuwar ma ta ɓace. Na tsaya ni kaɗai cikin farin, ba sama ba ƙasa. Na ji tabbas akwai mai tsaye a damana, inda kake tsayawa a sahu. Na kira sunanka a hankali. Ban juya ba, Lawan. Tsoro nake in gan ka, tsoro nake kuma kada in gan ka.

Washegari da hantsi muna karyawa na ba Madam Odil labarin takalmin. Ta ajiye kofinta, ta tashi ta ɗauko wayarta. Ta ce, "Lawan ya roƙe ni kada in nuna maka sai idan ka tambaya." Saƙonka ne, da Faransancinka na mutanen tsallake. Ka ce likita ya faɗa maka abin da ke jikinka, ba ka jin za ka kai lokacin. Ka ce ba ka janye ba ne don kada a rufe gurbin tun da wuri. Ka ce, "Abokina zai zo. Sunansa Isyaku, gajere ne, mai kunya. Ya nema bai faɗa mini ba, kada ki nuna masa na sani. Ba ya cin cuku. Yana tsoron tudu, amma ki kai shi saman ganuwar, don ni nan na fi son gani."

Ta kai ni ana saura kwana ɗaya in taho. Na shiga ƙwallon gilashin na runtse ido, tana riƙe da gwiwar hannuna kamar ni ne tsohon. Da muka haye kogin na buɗe. Daga sama garin ya kwanta a tafin kwari, jajayen rufin tsohon gari a dunƙule wuri ɗaya, tituna sun miƙe sun tafi, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Na kalla da kyau, gabas da yamma, na daɗe, don kada in bar wani abu da za ka so a gani. Dattijuwar ta koma gefe ta bar ni. A nan na yi kukan da ban yi a Roni ba.

Da na dawo na hau babur na tafi gidanku. Hajara ba ta gama takaba ba tukuna. Na zauna a zaure na faɗa mata komai, har tunanin da ya zo mini a ƙarƙashin makara. Ta ce, "Malam Isyaku, ai tun makon farko ya sani. Mai hoton bakin kasuwa ne ya ce masa abokinka ma ya zo ya ɗauki irin wannan hoton mai farin bango. Ya dawo gida yana ta dariya." Na tambaye ta awon fa. Ta ce, "Takalminka ya ɗaga a ƙofar masallaci ya duba. Sauran kuwa cewa ya yi shekara goma sha ɗaya yana kallonka."

Ban san yadda zan yi da wannan ba. Wata rana godiya nake ji, wata rana haushinka. Ni takarda na ɓoye maka. Kai kuwa wata huɗu kana zaune kusa da ni, muna cin ƙosai a takarda ɗaya, kana shirya mini tafiya, kana shirin taka, ba ka bar ni na riƙe maka ko gefe ɗaya ba. Da ka faɗa, da na raka ka Kano. Da na zauna a bakin gadonka. Da na ce maka na nema, ka yi dariyar a gabana.

Na yafe maka wannan ɓoyon, abokina. Hajara ta ce ba ka taɓa riƙe ni a zuciya ba, kuma na yarda da ita. Sai dai da na so in ji daga bakinka.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya raya abin da ka bari cikin albarka. Ni kuma Ya yafe mini abin da zuciyata ta raya a ranar da ba ta dace ba. Idan tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda babu abin da zan ɓoye maka.

Wassalam.

Naka,
Isyaku
Kazaure