Wuƙaƙen Layya da Tsatsa Ta Ci

Abijan, Yuli 1985

Zuwa ga ƙanena Alƙasim, maƙeri a Tabotaki.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi raba mu da irin ta bara. Ni nan da sauƙi. Ina dako a kasuwa, bayana yana ciwo, amma ina tashi.

Hamani ɗan garinmu ya iso, ya ba ni labarin maƙera, kuma raina bai yi daɗi ba. Ya ce wuƙaƙen da ka ƙera tun rani saboda kasuwar Layya duk sun yi tsatsa, wasu har ta ci bakinsu. Ya ce da baduku ya bar gari ka rasa kube, sai ka naɗe su cikin ƙirgin shanun da suka mutu bara, wanda aka zuba ma gishiri don tsutsa, ka tura ƙarƙashin gado. Alƙasim, ɗan maƙeri ne kai. Fatar da ba a jeme ba, ga gishiri, ga laimar damina, mi kake jira ƙarfe shi yi? Na san dalilinka. Ƙirgi banza ake samunshi wagga shekara, kuma kai kaɗai ke bisa gidan nan da yunwa, ni ina nesa. Ban ce ka yi ragwanci ba. Amma wuƙaƙen nan su ne hatsin da za ku ci kafin sabo shi nuna.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shi cin ko dala. Yau ɗin nan kwance su daga fatar. Waɗanda tsatsa ta tsaya bisa, goge su da rairayi da magagari, ka sake washi. Waɗanda ta huda, kar ka saida ma mutane su, mai da su wuta. Sannan ɗauko fasasshiyar randar da ke bayan rumbu, cika ta da busasshen rairayi, ka roƙi baƙin mai wurin masu gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, a Buza, zubar da shi suke yi. Cuɗa shi da rairayin, ka soke wuƙaƙen ciki, ƙota a sama. Haka Baba ke yi da man shanu lokacin da akwai shanu. Ɗora randar bisa dutse, nesa da inda jinka ke yoyo. Ƙusoshi da zobban ƙota kuwa, zuba su cikin gwangwanayen tumatir ko ƙahon sa, ka toshe da tsumma mai mai, ka rataye a bango. Ƙaho dai ba a rasa shi ba yanzu, ko'ina zube yake.

Hamani ya kuma ce wani mutumin Madawa ya taya uwar maƙera, ƙarfen kakanmu da ake ƙira bisanshi, kana son saidawa, kuma ka ce ni ina nan ina cin shinkafa, ba ni da bakin hanawa. Maganar ta yi mani zafi. Da ka ga inda nake kwana da ba ka faɗe ta ba. Duk da haka akwai gaskiyarka, kai ke jin kukan yara, ba ni ba. Abin da nake roƙo, jira Layya ta wuce. In wuƙaƙen sun shiga, bar ƙarfen kakanmu inda yake. In ba su shiga ba, saida, na yarda, ba zan taɓa yi maka gori ba. Amma a fitar da shi ranar da Inna ba ta gida.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni cikin addu'a. Ka gaida matarka Furera, da matata Zalika da yarana, da kawu Isufu in yana gane mutane har yanzu.

Ni ne wanka,
Arzika