Na Ƙi Eero, Na Bi Wani

Anti Sirkka, don Allah ki agaza mini, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekarata sittin da takwas, ina zaune a garin Kuopio. Tun da mijina Kaarlo ya rasu, rawar tsofaffi ta ranar Laraba da rana ce kaɗai fitata. Sauran kwana shidan daga ni sai rediyo. 'Yata tana Sweden, waya ma sai ta ga dama.

Makonni biyar da suka wuce, mu mata muna jere jikin bango, sai Eero, wani tsohon direban bas mai ɗan ɗingishi, ya zo ya rusuna ya miƙo mini hannu mu yi rawa. Kiɗan da aka sa kuwa shi muka taka da Kaarlo ranar aurenmu. Zuciyata ta karye, na ce masa ƙafata ke ciwo. Kin dai san al'ada, duk macen da ta ƙi rawa da namiji sai ta zauna har kiɗa biyu su wuce. To ni sakarya, wani ya zo nan take, ina cikin ruɗu na bi shi! Muna juyawa na hango Eero tsaye, kunnuwansa jajur.

Tun ranar ba namijin da ya ƙara nemana. In sa jar rigata, in sha kofi da burodin kirfa, in dawo gida ban taka ko sau ɗaya ba. Ƙawata Raili cewa ta yi ni na ja wa kaina. Allah ya sani kaɗaici na cin raina. In daina zuwa ne?

Mai tsayuwa jikin bango

'Yar'uwa, kada ki daina. Amma gaskiya ɗaya ce, kin yi laifi. Ke kin san dalilinki, Eero bai sani ba. Shi gani yake ɗingishinsa kika raina. Sauran mazan ma ba ƙin ki suke yi ba, sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta ne, suka shafa wa nasu ruwa.

Laraba mai zuwa ki jira a kunna fitilar da ke nuna lokacin mata ne su zaɓa. Ki tsallaka filin, ki nufi Eero kai tsaye. In ya amsa, kuna rawar ki faɗa masa maganar Kaarlo, ba kwana-kwana. Yana kuma iya ƙi don ya rama. In ya ƙi, ki koma ki zauna kiɗa biyunki kowa na kallo, kada ki gudu gida. Wanda aka kunyata a gaban jama'a, a gaban jama'a ake ba shi haƙuri.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ji ƙan Kaarlo.