Kaskata, Takalmana da Sirrin Dajina

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Lafiya na Gunduma

Daga:
Zlatko Majnarić, tsohon direban jirgin ƙasa mai ritaya,
Ƙauyen Gornja Jelovka

2 ga Oktoba

Game da: Zaɓin gwajin cizon kaska da aka ɗora mini, da abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. Ranar 9 ga Satumba na dawo daga tsintar naman kaza, irin mai tsirowa a daji, a wani wuri da mahaifina ya kwatanta mini yana kan gadon ajali, wanda ko matata Ljerka ba ta san shi ba. Ita ce ta ga kaska maƙale a bayan gwiwata. Ta cire ta, sannan ta kulle takalman dajina da kwandona a kabad, ta rantse ba zan sake ganinsu ba sai na kawo takardar da ta ce ba ni da cutar Layim, wadda cizon kaska ke kawowa. Mai girma ya san lokacin naman kaza ba ya jiran kowa.

2. Ranar 11 ga wata na je ɗakin gwajinku. Ma'aikaciya Dubravka ta shimfiɗa mini zaɓi uku. A gwada kaskar, amma wai hakan ba zai nuna ko ta zuba mini cutar ba. A ɗebi jinina nan take, amma wai ya yi wuri, jinin bai farga da abin da ya same shi ba. Ko in dawo bayan makonni a ɗiba, lokacin da dusar ƙanƙara ta binne dajin. Ni da na yi rayuwata a kan layin dogo ban saba da hanya uku ba. Na zaɓi a gwada kaskar, tunda ita ce mai laifi, ba don tsoron allura ba kamar yadda ake yaɗawa.

3. An ƙi gwada kaskar, kuma har yau ba a mayar mini da ita ba. Dalili wai na kawo ta cikin kwalbar giyar gyaɗar dawa mai sukari. A gidanmu duk abin da ake so ya daɗe a nan ake tsoma shi. An yi dariya har da kiran mai shara ta zo ta gani. Wannan ya ƙona mini rai.

4. Babban abin takaici, ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta tambaye ni a wane daji aka cije ni, wai cutar kowane daji daban ce, amsata za ta taimaka wajen zaɓen gwaji. Ranka ya daɗe, a kan benci, kunne a miƙe, ga Dragutin Ožanić, maƙwabcina, wanda tun muna samari yake bin sawuna don ya gano wurin nan, kuma shi ne surukin ma'aikaciyar. A ƙasar nan ana tambayar mutum albashinsa, ana tambayarsa wanda ya zaɓa, amma ba a tambayarsa inda yake tsintar naman kaza. Don haka na amsa cewa a majami'a aka cije ni, a benci na uku.

5. An yarda da amsata fiye da yadda na so. An feshe majami'ar da magani, an yi addu'ar Lahadi biyu a waje cikin ruwan sama, limaminmu kuma ya daina amsa gaisuwata. Gudun gara na faɗa gidan zago.

6. Ranar 26 ga wata Ljerka ta tasa ƙeyata aka ɗebi jinin. Ina so a rubuta cewa ban suma ba, na ɗan huta ne a ƙasa. Sai dai an ce na yi surutai kafin in tashi, kuma duk wanda na tambaya me na faɗa sai ya kau da kai. Washegari Dragutin ya wuce ƙofata da kwando shaƙe da naman kaza, yana fito. Da yamma ya aiko mini da faranti guda, wai ya jiki. Na gane su, ranka ya daɗe. Mutum ba ya kasa gane nasa.

7. Sakamakon ya fito, an ce yana tsaka-tsaki, sai an yi gwaji na biyu don tabbatar da na farko. Allura kuma ke nan. A halin yanzu wani jan zobe ya fito a bayan gwiwar, ya kai faɗin murfin kofi. Ban nuna wa kowa ba, gudun kada a ƙara mini zaɓi na huɗu.

Saboda haka ina roƙon mai girma da ya zaɓi gwaji ɗaya da kansa ya ɗora mini, ya sanar da ni ko zoben nan abin dubawa ne, ya binciko abin da na faɗa ina ƙasa da kuma wanda ya kai shi waje, ya rubuta wa Ljerka ta saki takalmana kafin Dragutin ya share wurin, sannan a mayar mini da kaskata da kwalbarta.

In kuma aikin ofis ya tilasta wa mai girma sanin inda aka cije ni, na amince in faɗa masa shi kaɗai, cikin sirri da amana: a majami'a ne, benci na uku.

Naka cikin ladabi da jiran adalci, da silifa a ƙafa,

Zlatko Majnarić