Jan Allo a Ƙofar Gidan Zaituna

Alberta, Kanada
18 ga Satumba, 2019

Yaya Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya zafin Dubai? Maigidana Shu'aibu yana can sansanin haƙar mai, sai bayan sati uku zai dawo, ni da yara ne kawai a gida.

Albishirinka, maƙwabcinmu Mista Brent ya ce da an gama zaɓe zai sa hannu a takardar ɗaukarka aiki a garejinsa na manyan motocin kamfanonin mai. Ya ga takardunka, ya yaba.

Garin nan kuwa ba a maganar komai sai harajin hayaƙi, wanda gwamnati ta ɗora a kan fetur da gas wai don rage ɗumamar duniya. Jam'iyya mai jan tuta ce ta kawo shi, masu shuɗi sun rantse sai sun soke. Ka tambayi mutum jam'iyyarsa, ka gama sanin abin da zai ce game da yanayi. Shi kansa Brent gobarar daji ta cinye gidansa shekara uku da suka wuce, amma idan aka ce sauyin yanayi ne sai ya tashi ya bar wurin.

Jiya wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, tana dogara sanda, ta roƙi in bar ta ta kafa allon tallan ɗan takarar masu ja a ciyawar gaban gida. Na ce ta dawo Juma'a. Kunya ta hana ni cewa a'a, ta kai sa'ar mahaifiyarmu Hajiya. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Zaituna


Port Saeed, Dubai
19 ga Satumba, 2019

Zaituna Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, saƙonki ya zo a kan gaɓa. An tabbatar mana ƙarshen Oktoba za a sallami kanikawa duka a kamfaninmu. Kin san dokar nan: aiki ya ƙare, biza ta mutu, wata guda ake ba mutum ya tattara. Shekara goma sha ɗaya, khalas, shi ke nan. Garejina na Kano kuma tuni na sayar, ba ni da wata madogara sai takardar nan. Har na sa wani kafinta a unguwar Al Ras ya haɗa wa kayan aikina akwatin katako, ya rubuta KANADA da fenti a jiki.

Maganar allo kuma, haba Auta, har yanzu ba ki girma ba? Kin manta bangon gidan Baba a Fagge? Fastocin jam'iyya biyar, wani kan wani, Baba kuma ko rumfar zaɓe bai taɓa zuwa ba. Ba a kunyata tsohuwa a ƙofar gida. Ki karɓi nata, in masu shuɗi sun zo ki karɓi nasu, kowa ya tafi da farin ciki. Ku da ko ƙuri'a ba ku da ita tukuna, wa zai damu da ku?

Ki shafa mini kan yara.

Yayanki,
Ɗalhatu


Alberta, Kanada
26 ga Oktoba, 2019

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yafe mini shirun da na yi, na rasa ta inda zan fara ne.

Na bi shawararka, tsohuwa ta kafa allonta har da hawayen murna, ta ce gida sittin ta shiga a unguwarmu, mu kaɗai muka yarda. A nan ya kamata in farga. Masu shuɗi kuwa ba su taɓa zuwa ba, sun hango ja sun wuce.

Washegari Brent ya daina ɗaga mini hannu. Matarsa, wadda ke kai yarana makaranta tare da nata, ta ce motar ta cika. Na tare shi a bakin titi na yi masa bayanin al'adarmu, cewa kara na yi wa tsohuwa, ni ko sunan ɗan takarar ban iya faɗa ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce:

“Ma'aikata tara na sallama cikin shekara huɗu. Kullum da safe in na buɗe taga, allon mutanen da ke so in rufe gareji nake gani a gidan da aikin haƙar mai yake ciyarwa. A nan ba a kafa allo don kunya.”

Ranar na cire shi. Tsohuwar ta wuce ta ga ramin, ta tsaya ta dube ni, sannan ta ci gaba da tafiyarta. Kwana biyu na kasa cin abinci.

An yi zaɓe ran Litinin. Masu ja sun koma mulki, amma ko kujera ɗaya ba su samu a jihar nan ba, gari ya yi tsit kamar gidan makoki. Da Shu'aibu ya dawo muka je ban haƙuri, na dafa dambun nama na kai. Jiya na tarar da kwanon a ƙofarmu, ko buɗe shi ba a yi ba, takardunka suna ƙarƙashinsa cikin ambulan. Babu sa hannu.

Yaya, na yi kuka har na gaji. Ni na san garin, ni ya kamata in gane.

Ƙanwarka,
Zaituna


Port Saeed, Dubai
28 ga Oktoba, 2019

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Ki share hawayenki, ba ki da laifi. Kin tambayi babba ne, babba ya auna garin da bai taɓa gani ba da bangon gidan ubansa. Kada ku sake zuwa roƙo, ku kula da aikin Shu'aibu. In kin ga tsohuwar nan ki gaishe ta.

Na yanki tikitin komawa gida, ashirin ga Nuwamba. Kada ki gaya wa Hajiya, ni zan faɗa mata da bakina. Ɗazu na je Al Ras, na sa kafinta ya shafe rubutun akwatin. Ya tambaye ni me zai rubuta, na ce Kano. Ya ce wace unguwa, wane gareji? Na ce ya bar wurin haka nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ɗalhatu