Allah Ya Sa Likitan Ne

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Tsohuwar da nake jinya ba ta gani, ni nake karanta mata littafi. A wanda muke kai yanzu, attajira aka sa wa guba, ana zargin likitanta da mai aikinta. Daɗi gare shi wallahi, na kasa ajiyewa, amma in na zo kan mai aikin sai muryata ta hau rawa. Jiya na kai mata shayi, ta ce in fara kurɓa. Ta yi dariya, ɗanta bai yi ba.

Gobe za mu ƙarasa. Kada Inna ta ji. Ki taya ni addu'a, Allah ya sa likitan ne.

Ƙanwarki