Naira Ɗari Biyu Awa Guda

Kalgo, 4 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Rumaisa da duk mutanen Gwandu. Tunda wayarki ta ƙi gyaruwa, ga takarda ta hannun direba.

Na samu aiki a wurin wankin mota na bakin titi. Nan ba jinga ake yi ba, awa ake biya: naira ɗari uku duk awa guda, ko mota ta zo ko ba ta zo ba. Tsofaffin wurin sai ƙorafi, wai bara ɗari huɗu ne. Ni da na yini wankin kwanuka a Gwandu a kan ɗari biyar da tuwo, ban ga abin kuka ba. Ki gaya wa ragon mijinki Atiku ya bar zaman majalisa ya zo ya riƙe tiyo, in dai zai iya tashi da wuri.

Ƙanenki,
Nasiru

Kalgo, 2 ga Oktoba

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki da kyau, ya jikin Inna? Don Allah kada ki bar Atiku ya taho.

Mai wurin ya mayar da awa ɗari biyu. Ya ce tun da mai ya yi tsada 'yan kabu-kabu suka jingine babura, masu neman aiki sun fi motoci yawa, wanda bai so ba, ga hanya nan. Mu tara muka ajiye aiki, muka koma gindin bishiya a tsallaken titi muna gadin wurin don kada kowa ya karɓi aikin. Jiya wani mutumin Diggi ya zo ya ɗauki tiyo. Lukuman, wanda ke gaba a cikinmu, ya fasa masa baki da dutse, sauran suka bi shi da ƙafa har ya daina motsi. Jini da kumfa suka gangara kwata tare. An ce yana asibiti.

Daga nan muka rantse: duk wanda ya sake karɓar ɗari biyu, sara ne. Ni ma na rantse, muryata ma ta fi ta kowa. Tsoro nake ji, Yaya.

Naki,
Nasiru

Kalgo, 11 ga Oktoba

Yayata,

Salama da gaisuwa. Ina tambayar lafiyarku, ko da yake na san babu daɗi a gidan. Direba ya ce ya manta da takardata a mota har kwana huɗu, kafin ta iso gare ki Atiku ya riga ya taho. Ya kuma ce Atiku ya gaya muku daga babur ya faɗi. Ya rufa mini asiri ne.

Ranar Alhamis da azahar na hango shi riƙe da tiyo, yana ta waige-waige, ni yake nema. Lukuman ya zaro adda daga buhu. Ba wanda ya san mijinki ne, kuma da na faɗa, da an ce ni na kawo shi, a haɗa mu a sare. Sai na riga kowa tsallaka titi. Na ɗauki ƙarfen jak na ɗaga mota na kai wa Atiku a hannun dama, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ya durƙusa yana kallona. Bai kira sunana ba.

Washegari mai wurin ya ɗauki wasu a kan ɗari da hamsin, da 'yan sanda a ƙofa. Mun watse.

Kwana uku ina gaya wa kaina cewa ransa na ceta, kuma na san in na tsayar da labarin a nan za ki iya yafe mini. Amma sau biyu na buge shi, Yaya. Lokacin da na ɗaga ƙarfen a karo na biyu, Lukuman ya riga ya sauke addarsa. Na ga ya sauke. Haushin ɗari biyun ne ya hau kaina, na sauke shi a kan mijinki.

Ba na neman ki amsa. Allah ya ba shi lafiya.

Ni ne,
Nasiru